Sukari Ɗaya, Ruwa Huɗu: Amanar Ɗan Tsuntsun Fure

  

Yau za mu yi tafiya mai nisa. Za mu tsallaka teku, mu sauka a nahiyar Amurka. Abin da zai kai mu kuwa ɗan ƙaramin abu ne. Kofin sukari ne, da ruwa, da wani ɗan tsuntsu da bai fi babban yatsan hannu ba.

Bari in fara da gabatar muku da tsuntsun. Masu jin Turanci suna ce masa hamingbad, saboda ƙarar da fukafukansa ke yi, irin ta ƙudan zuma in ya gifta kusa da kunne. Masu jin Faransanci da Sifaniyanci suna ce masa kolibri. 'Yan uwanmu na Nijar da suka yi boko za su gane wannan sunan. Mutanen Brazil kuwa sun raɗa masa sunan da ya fi burge ni. Ma'anarsa, mai sumbatar fure. A wannan shiri, kolibri za mu riƙa ce masa.

Kolibri ba shi a Afirka. Ba shi a Turai, ba shi a Asiya. Allah ya ajiye shi a nahiyar Amurka kaɗai, tun daga Alaska can arewa mai ƙanƙara har zuwa ƙarshen kudancin Ajantina da Chile. Irinsa ya haura 350. Mafi yawansu suna ƙasashen da duwatsun Andes suka ratsa, irin su Kolombiya da Ekwado. Mafi ƙanƙantarsu yana tsibirin Kyuba. Nauyinsa kamar giram 2 ne. Wato ƙwayar sukari guda, irin ta kwali da muke jefawa a shayi, ta fi shi nauyi.

Wannan tsuntsu yana tsayawa cak a iska, kamar an rataye shi da zare. Yana yin gaba, yana yin baya. In yana tashi, zuciyarsa kan buga fiye da sau 1,000 a minti ɗaya. Ku ɗora hannu a ƙirjinku, ku ji taku. Sannan ku kwatanta.

Jikin da ke aiki haka, wuta ce mai cin itace ba hutu. Shi ya sa kolibri yake wuni yana bin furanni, yana shan ruwan zaƙin da ke cikinsu. Bai daɗewa bai koma wa abinci ba. In dare ya yi da sanyi, wasunsu kan shiga wani irin barci mai kama da suma. Jiki ya yi sanyi, bugun zuciya ya ragu ƙwarai, don kada ɗan guzurin da ke jikin ya ƙare kafin gari ya waye.

To, masu sauraro, a nan ɗan Adam ya shigo cikin labarin.

Mutanen Amurka da Kanada da Mekziko da sauran ƙasashen yankin suna son wannan tsuntsu so mai tsanani. Suna so ya zo gidajensu. Don haka suke rataya wata 'yar kwalba a baranda ko a reshen bishiya. A gindinta akwai jan faifai mai ƙananan huji. Sai su zuba ruwan sukari a ciki. Tsuntsun ya zo, ya zura baki, ya sha. Iyali su zauna a bakin taga suna kallo. A kantuna ana sayar da ruwan a haɗe. Amma masana tsuntsaye, irin su ƙungiyar Audubon da cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell da ke jihar New York, sun daɗe suna koya wa jama'a su haɗa da kansu a gida. Ya fi arha, kuma ka san abin da ka zuba.

Ga yadda ake haɗawa. Ku saurara da kyau, domin gajere ne.

Awo ɗaya na farin sukari. Awo huɗu na ruwa mai tsabta. In kofi ka auna da shi, kofi ɗaya da kofi huɗu. In cokali ne, cokali ɗaya da cokali huɗu. A ɗumama ruwan, ko a tafasa shi kaɗan, don sukarin ya narke sarai. A juya. A bar shi ya huce. A zuba a kwalba. Abin da ya rage a sa a firij, kada ya wuce mako guda.

Shi ke nan. Sukari ɗaya, ruwa huɗu, sai tsafta. Ku riƙe waɗannan kalmomi, za mu yi ta komawa kansu.

Wani zai ce, me ya sa ɗaya da huɗu? Me ya hana ɗaya da biyu, tunda tsuntsun zaƙi yake so? Amsar tana cikin furen. Furannin da kolibri ke sha a daji, zaƙinsu bai yi nisa da wannan awo ba. Kuma irin sukarin da ya fi yawa a cikinsu shi ne irin wanda ake samu daga rake. Mai haɗa wannan ruwa kwaikwayon fure yake yi. Duk abin da ya ƙara daga kansa, ya kauce wa furen ke nan.

Yanzu mu juya ga ɓangaren da ya sa na zaɓi wannan batu. Ina so mu ɗan daɗe a nan.

Haɗin da sauƙi. Abin da ke da wuya shi ne mutum ya kame hannunsa. Domin mai ƙauna kullum yana so ya ƙara wani abu.

Mu ɗauki zuma. Na san abin da ke zuciyar da yawa daga cikinku. Mu Hausawa zuma magani ce a wurinmu. Muna ba mai tari, muna shafa wa mai ƙuna, muna kai wa surukai. In aka ce mu karrama ɗan tsuntsun da ke shan fure, zuma za mu fara ɗauka. Ai daga fure ta fito. Bature ma haka yake tunani. Amma zuma, muddin aka sirka ta da ruwa, ƙarfin da ke hana ta lalacewa ya tafi. Sai ta yi saurin tsami. Sai fumfuna da ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Kolibri kuwa da harshe yake ci. Harshensa siriri ne, mai baki biyu. A 2011 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Connecticut, Alejandro Rico-Guevara da Margaret Rubega, sun ɗauki hotonsa da kyamara mai tsananin sauri. Suka nuna cewa bakin harshen buɗewa yake yi in ya shiga ruwa, ya kama ruwan, ya rufe in zai fito. Yana yin haka fiye da sau 10 a daƙiƙa ɗaya. To, ku yi tunanin irin wannan harshe ya kamu da cutar fumfuna ya kumbura. Tsuntsun zai tsaya ga abinci a gabansa, ya kasa ci. Tsuntsun da ba ya iya jure yunwar wuni guda. Wannan magana tana taɓa mini zuciya, domin wanda ya zuba zumar alheri ya nufa.

Mu ɗauki jan sukari, irin wanda ba a tace ba, ɗan uwan mazarƙwailarmu. Mutane na ganin ya fi farin sukari lafiya. Ga ɗan Adam, wannan wata magana ce daban. Ga kolibri kuwa, yana ɗauke da sinadarin ƙarfe. Abincinsa na daji ba shi da wannan sinadari da yawa, don haka jikinsa bai saba zubar da shi ba. In ya taru, hanta yake lalatawa. Sukarin gari da ake barbaɗa wa kek shi ma ba a so, domin ana haɗa shi da sitaci.

Mu ɗauki abin zaƙin da masu ciwon sukari ke sa wa shayi. Harshe zai ji zaƙi, amma jiki ba zai samu ƙarfi ba. Ba a ba matafiyi irin wannan guzuri.

Sai jar kala. Wannan ita ce ta fi yaɗuwa. Mutane sun lura kolibri yana son jan fure. Sai suka ɗauka dole ruwan ma ya zama ja. Shekara da shekaru kamfanoni suna sayar da shi ja wur kamar zoɓo. Amma ku tsinki fure ku duba. Jan yana jikin furen. Ruwan da ke ciki garai-garai yake. Jan faifan da ke gindin kwalbar ya isa ya kira tsuntsun. Kalar ba ta ƙara masa komai. Kuma ku tuna, tsuntsu ne da kan sha abin da ya fi nauyin jikinsa a wuni ɗaya. Duk abin da aka zuba a ruwan, ko ɗan yaya ne, da yawa zai shiga cikinsa. Shi ya sa masana suka ce a bar kalar.

Kun ga inda muka dosa. Zuma, jan sukari, abin zaƙi, kala. Babu ɗaya da mugu ya kawo. Duk masoya ne suka kawo su. Hausawa suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Sukari ɗaya, ruwa huɗu, sai tsafta.

Kafin mu shiga maganar tsafta, ku ba ni dama in ɗan ratse.

Son da ɗan Adam ke yi wa kolibri ba yau ya fara ba. A hamadar Nazca da ke ƙasar Peru, mutanen zamanin da sun zana siffarsa a kan ƙasa, zane mai girman da sai daga sama ake ganinsa sosai. Al'ummar Aztek ta Mekziko sun ɗauke shi alamar jarumta. A Jamaika wani irinsa mai dogon bindi shi ne tsuntsun ƙasa. Amma a ƙarni na 19 son ya ɗauki wata hanya. A 1851 wani masanin tsuntsaye ɗan Ingila, John Gould, ya baje kolin busassun kolibri a Landan. Jama'a suka yi ta tururuwa, har Sarauniya Victoria ta je. A wannan zamani an yi ta kashe su ana kai fatunsu Turai don a ƙawata hulunan mata. A Amurka sai da dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1918 ta zo. Har yau, a ƙarƙashinta, laifi ne ka kama kolibri ko ka ajiye shi a keji ba da izini ba. Ni a ganina kwalbar nan ci gaba ce babba. Mutum ya koyi ya kalli abin da yake so yana raye, ya bar shi ya tashi ya tafi.

To, mu dawo kan hanya. Tsafta.

A nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa. Ranar farko akwai ɗoki. An sayo kwalba, an haɗa ruwa, an rataya. Tsuntsu ya zo, an ɗauki hoto an tura wa dangi. Bayan mako biyu ɗoki ya kwanta. Kwalba tana nan rataye a rana. Ruwan ya yi duhu-duhu. Baƙin ɗigo ya fito a bakin hujin. Tsuntsun kuwa yana nan yana zuwa, domin ya riga ya saba.

Kowace uwa da ke saurarena ta san wannan ilimi. Kin dama kunun zaƙi da safe, kin bar shi a rana. Kafin la'asar me ya zama? Haka ruwan sukari yake. In ana zafi, sai a sauya shi kullum, ko bayan kwana biyu. In gari da sanyi, sau biyu a mako. In ka ga ya fara gurɓata, kada ka jira lissafin kwana, zubar. Kuma ba a ƙara sabo a kan tsoho. A kwance kwalbar, a wanke da ruwan zafi da ɗan burushi, a bi kowane huji. In fumfuna ta kama, a jiƙa da ruwan khal da aka sirka, a ɗauraye sosai. A rataya a inuwa. A zuba kaɗan, gwargwadon abin da za su shanye.

Akwai ƙananan dabaru kuma. Kiyashi na bin igiya ya sauko, don haka ake sa wani ɗan kofi da ruwa a saman kwalbar ya tare masa hanya. Ba a shafa mai ko maganin ƙwari, domin zai ɓata gashin tsuntsun. A nisanta kwalbar daga inda kyanwa za ta iya laɓewa. Namijin kolibri kuma, duk da ƙanƙantarsa, mafaɗaci ne. Yakan kama kwalba guda ya hana kowa. Masu gida sai su rataya biyu ko uku, a wuraren da ba zai hango su gaba ɗaya ba.

Ra'ayina a nan a fili yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Wanda ya san ba zai iya wankewa ba, kada ya rataya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Tsuntsun bai roƙe shi ba. Kafin a ƙera kwalba yana rayuwarsa. Amma ranar da ka rataya, ka yi kira. Wanda ya yi kira kuwa ya ɗauki amana.

Ku ji girman amanar. Akwai wani irin kolibri mai jan maƙogwaro a gabashin Amurka. Nauyinsa kamar giram 3 ne. In sanyi ya gabato, sai ya yi ta ci har ya kusa ninka nauyinsa. Sannan da yawansu su tsallake mashigin tekun Mekziko a tashi ɗaya. Kusan kilomita 800, babu reshen da za a sauka. Kamar daga Kano zuwa Legas ke nan a miƙe. Wanda ya rataya kwalba a kan hanyarsu, mai masaukin baƙi ne. Abin da ya zuba, da shi baƙon zai fuskanci teku.

Wasu suna tsoron cewa barin kwalba a waje zai hana su ƙaura. Masana sun ce a kwantar da hankali. Raguwar tsawon yini ce ke tayar da su. Kwalbar da aka bari ma takan taimaki waɗanda suka makara.

Amma kada mu ce kwalba ba ta sauya komai. Tana sauyawa. A yammacin nahiyar akwai wani iri da ake kira kolibrin Anna. A farkon ƙarni na 20 mazauninsa Kalifoniya ne da arewa maso yammacin Mekziko. Yau yana yin hunturu har a birnin Vancouver na Kanada. Masu bincike sun danganta hakan da itatuwan lambu da aka shuka, da kuma waɗannan kwalabe. A 2017 mutanen Vancouver suka zaɓe shi tsuntsun birninsu. In ƙanƙara ta sauka, akwai masu shigar da kwalbar ɗaki da dare don kada ruwan ya daskare, su fito da ita tun da asuba. Waɗannan mutane sun burge ni. Sun gane cewa su suka jawo shi ya zauna, kuma ba su juya masa baya ba.

Sauran magana ɗaya kafin mu dawo gida. Ruwan sukari ba shi ne dukan abincin kolibri ba. Man tafiya ne kawai. Abin da ke gina jikinsa ƙananan ƙwari ne da gizo-gizo. Da su uwa ke ciyar da 'ya'yanta. Da saƙar gizo take ɗaure sheƙarta, sheƙar da ba ta fi rabin lemun tsami ba, ta saka ƙwai biyu masu girman ƙwayar wake. Wanda ya rataya kwalba sannan ya feshe lambunsa da maganin ƙwari, ya bayar da hannun dama ya karɓe da hagu. Shi ya sa masana ke cewa a shuka furannin da asalinsu na yankin ne. Fure ba ya bukatar wanki. Kowace safiya sabon ruwa yake kawowa.

Yanzu mu dawo gida, masu sauraro.

Na ce ba mu da kolibri. Amma muna da wanda Allah ya ɗora wa irin aikinsa. Shi ne sha-kauci. Ɗan tsuntsun nan mai lanƙwasasshen baki, wanda namijinsa ke ƙyalli in rana ta haske shi. Ba dangin juna ba ne. Kolibri ya fi kusa da tsattsewa. Sha-kauci kuma yawanci sauka yake yi a reshe ya sha, bai cika tsayawa a iska ba. Sana'a ce ta haɗa su. Ku dubi sunan ma. Kakanninmu sun zauna sun lura da shi a kan kauci, suka raɗa masa suna daga abincinsa. Furen kauci kuwa yakan zauna a rufe har sai tsuntsun ya taɓa shi. Sai ya fashe, ya bar masa garin fure a goshi, ya kai wa na gaba.

A Afirka ta Kudu, wajen birnin Cape Town, mutane suna rataya wa dangin sha-kauci irin wannan kwalba. Wani zai ce, to mu ma mu fara. Ni ba zan ba da wannan shawara da gaggawa ba. Ku tuna zafin Maris da Afrilu a Sakkwato, ko Maiduguri, ko Damagaram. Ruwan sukari ba zai yi wuni da lafiyarsa ba. Ga ƙudan zuma, ga kiyashi, ga rashin wutar da za ta riƙe firij. Wanda ya ga zai iya, ƙa'idar ba ta sauya ba. Sukari ɗaya, ruwa huɗu, sai tsafta. Sauranmu kuwa muna da hanya mafi sauƙi. Zogale a bayan ɗaki. Minjirya a shingen gona, mai jan fure a lokacin rani. Gurjiya da aka bari ba a sare ba. Da ɗan kasko na ruwan sha a inuwa, wanda ake wankewa ana sauyawa. Mun taso ana gaya mana cewa shayar da mai rai akwai lada.

'Yan uwanmu da ke zaune a Amurka da Kanada, masu kama mu ta intanet, in akwai kwalba a barandarku, ku leƙa ta yau kafin ku kwanta. Ku kuma da ke gida, gobe in Allah ya kai mu, bayan sallar asuba, ku ɗan tsaya a gindin bishiyar da ke da kauci. Ku tafi da yaro ɗaya. Ku yi shiru, ku ɗaga kai. In ɗan tsuntsun ya zo, ku faɗa wa yaron sunansa.